Ranar Nuni, Ranar Lissafi

Ya kai mai karatu, ko kai manomi ne mai garka a fadama, ko ke uwargida ce mai ƴar shuka a bayan ɗaki, wannan darasi naku ne. Za mu yi magana a kan nunin amfanin gona, wanda wasu ke ce wa baje koli. Za mu ga ko mene ne shi, da inda aka samo shi, da yadda ake shirya shi. Za mu kuma ga abin da ya kamata mutum ya koma gida da shi in taro ya watse.

Mene ne nuni?

Nuni shi ne ranar da manoma ke fito da abin da suka noma, su shimfiɗa a fili, kowa ya gani. Wannan ya kawo rake, wancan ya kawo albasa. Ga mai rogo, ga mai tumatir, ga mai kabewa. Akan sa alƙalai su duba, su zaɓi kayan da suka fi kyau, a ba masu su kyauta.

Nuni daban, kasuwa daban. A kasuwa tambaya ɗaya ce: nawa ne? A wurin nuni kuwa tambayar ita ce: yaya aka yi? Wane iri ne? Yaushe aka shuka? Wane taki aka sa? Sau nawa ake ban ruwa?

To, ka gani. Albasar da ke kan tabarma yini ɗaya za ta yi a gaban jama'a, amma aikin watanni take ɗauke da shi. Wanda ya iya kallo, zai karanta shekarar mai ita a jikinta. Shi ya sa muka ce ranar nuni ranar lissafi ce.

Abin ba baƙo ba ne

Kada ka ɗauka nuni sabon abu ne da aka kawo mana daga waje. Kakanninmu sun san shi, sai dai nasu salon daban ne. A ƙasar Hausa, musamman wajen Maraɗi, akwai bikin da ake kira dubu. Manomin da ya sami dami dubu na hatsi shi ke yin sa. Yakan tara jama'a, makaɗa da maroƙa su zo. A ga abin da ya noma, shi kuma ya yi ta kyauta. Daga ranar sai a riƙa kiransa Sarkin Noma.

Lura da abu ɗaya a nan. Ba a ba mutum wannan suna don ya cika rumbu ya rufe. Sai ya fito da abin a fili, jama'a sun shaida, sun kuma amfana.

A zamanin nan ma ana yin nuni manya-manya. A Argungu ta jihar Kebbi, a Najeriya, bikin kamun kifi ya samo asali tun 1934. Daga baya aka haɗa shi da nunin amfanin gona. A Yamai kuma, a 2014, aka fara wani babban nuni na noma da kiwo mai suna SAHEL. Ƙungiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jihohin Nijar, tana cikin masu shirya shi. Manoma da makiyaya da mata masu sarrafa abinci sun kai kayansu can daga jihohi dabam-dabam.

Amma Yamai da nisa. Mutum nawa ne daga ƙauyenku za su iya biyan kuɗin mota su je? Nunin da zai fi yi maka amfani shi ne na kusa, inda ƙasa irin taka ce, ruwa irin naka ne, ƙwari ma irin naka ne. Abin da ya yi kyau a garkar maƙwabcinka, akwai alamar zai yi kyau a taka.

Arzikin ƙasar Matameye

Ƙasar Matameye tana da abin nunawa. Tana kudancin jihar Damagaram, inda ruwan sama ya fi na arewa yawa. Ga kwarin Korama da fadamunsa, inda ruwa ba shi da zurfi a ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka ne aka san wannan yanki da rake. Ana kuma noman rogo, dankali, tumatir, albasa, tattasai, salati da shu, wanda a Najeriya ake ce wa kabeji. Ga mangwaro, ga gwaba, ga lemun tsami.

A kan tudu kuma ga gawo. Mutanen Magariya da Matameye da Mirya sun yi suna wajen barin ƴaƴan gawo su girma a gonaki. Gawo itace ne mai abin mamaki. Da damana yakan zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana. Da rani ya yi ganye, ya ba da inuwa, ƴaƴansa kuma su zama abincin bisashe.

Tsofaffi za su gaya maka ba kullum aka dogara da garka haka ba. A da, gyaɗa ce kuɗin wannan ƙasa. Har masana'antar matse man gyaɗa aka kafa a Matameye. Sai ga farin 1973, sai ga cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975. Cinikin gyaɗa ya durƙushe. Sannan aka yi babban fari a 1984, aka shiga yunwar da mutane suka sa wa suna El Buhari. A lokacin ne gwamnatin Seyni Kountché ta yi kira ga jama'a su duƙufa ga noman rani. Mutane da yawa da ba su taɓa riƙe guga a garka ba suka shiga fadama.

Darasin da aka koya shi ne: gidan da ya dogara da shuka ɗaya, ko damana ɗaya, yana cikin haɗari. Garka ita ce rumbu na biyu.

Shekarar mai garka

Kafin ka je nuni, zauna ka bi shekararka daki-daki. Shekarar mai garka kashi 4 ce.

Na farko, damana. Daga Yuni zuwa Satumba ƙarfin gida yana gonar hatsi. Amma bayan ɗaki ba ya zama banza. Nan uwargida ke shuka kuɓewa, yakuwa, rama da zogale. Kabewa da duma su hau danga. Wannan ƴar shuka ita ke riƙe da tukunyar miya lokacin da hatsi ya yi tsada. Damana ce kuma lokacin tara taki a rami: kashin bisashe, toka, ganye da sharar gida. In ana juya shi ana yayyafa ruwa, cikin wata 2 zuwa 3 ya ruɓe.

Na biyu, kaka. Ana girbi, ana ɗaurin dami, amma mai garka hankalinsa ya rabu biyu. A Oktoba da Nuwamba ake gyara danga, a yashe rijiya, a yayyafa iri a wurin reno. Tumatir yakan yi kamar mako 4 kafin a dasa shi. Albasa takan yi mako 6 zuwa 7. Wanda ya makara a nan, ya makara har ƙarshe. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.

Na uku, lokacin sanyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu garka ke cikin ganiyarta. Salati da shu da karoti suna son sanyi. Ana saran rake, ana ɗiban tumatir. Aiki ne na safe da maraice, ban ruwa ba hutu. Kasuwa kuma ta cika maƙil da kaya.

Na huɗu, bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafi ya sauko. Ruwan rijiya ya ja baya. Furen tumatir yana zubewa saboda zafi. Ana cire albasa, ana shanya, ana ajiya. Wannan ne lokacin da ake sanin wanda ya ci riba da wanda ya sha wahalar banza.

Yanzu tambayi kanka. A wane kashi ne na yi daidai? A wane kashi ne na yi sakaci? Amsar da ka samu, da ita za ka tafi wurin nuni, ka ji yadda wasu suka yi.

Tambaya ta farko: iri

In ka ga kaya sun ba ka sha'awa a kan tabarma, fara da tambayar iri. Mene ne sunansa? Ina aka samo shi? Kwana nawa yake yi?

Albasar da ta fi suna a Nijar ita ce ƴar Galmi, ta jihar Tawa. An san ta har ƙasashen bakin teku. Wajen Maraɗi kuma akwai farar albasa ta Sumarana. Irin albasa ba a samunsa a shuka ɗaya. Sai ka zaɓi ƙwayoyi masu kyau, ka ajiye, ka sake dasa su, su yi fure, sannan ka sami iri.

Ga wani abu da karatu zai taimake ka. In ka sayi iri na gwangwani ko na ƴar takarda, duba jikinsa. In ka ga harafin F da lamba 1, wato F1, to irin aure ne. Yakan ba da amfani mai kyau a shukar farko. Amma in ka cire iri daga ƴaƴansa ka sake shukawa, ba zai fito kamar uwarsa ba. Wani ya yi babba, wani ƙarami, wani ya lalace. Duba kuma kwanan wata. Tsohon iri ba ya tsira sosai, balle na albasa, wanda ba ya jure daɗewa.

In irin gida ne za ka ajiye, kada ka bari sai ragowar ƙarshe. Mutane da yawa sukan sayar da masu kyau, su cire iri daga abin da kasuwa ta ƙi. Wannan kuskure ne. Zaɓi shukar da ta fi lafiya, ka ɗaura mata ƙyalle, ka ce wa yara kada a taɓa. Abin da ka shuka shi za ka girba.

Tambaya ta biyu: ƙasa da ruwa

Tambayi mai kayan: me ka shuka a wannan wuri bara? Amsar tana da muhimmanci. Tumatir, tattasai, barkono, yalo da dankalin turawa dangi ɗaya ne. Cutarsu ɗaya, ƙwarinsu ɗaya. In kana maimaita su a fangali ɗaya shekara da shekaru, ƙasa za ta tara cuta. In ka tuge tumatir ka ga saiwarsa ta yi ƙulle-ƙulle, wasu tsutsotsi ne ƙanana da ido ba ya gani. Maganin farko shi ne canjin wuri. Bana tumatir, baɗi albasa ko masara.

Tambayi taki. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona shuka, yana kuma kawo ciyawa. Ruɓaɓɓe shi ne abin nema. Takin zamani yana da amfani, amma shi kaɗai ba ya gyara ƙasa. Ƙasa mai rairayi, in ba ta da takin gargajiya, ruwa wucewa kawai yake yi.

Tambayi ruwa. Wasu har yanzu guga da igiya ne. Wasu injin ban ruwa mai shan mai. Wasu sun koma mai aiki da hasken rana. Kowanne da nasa kuɗi, da nasa wahala. Amma ko da me kake ɗiba, ban ruwa da sassafe ko da maraice ya fi na tsakar rana. In ka rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, laima za ta daɗe. Albasa kuma, in ta kusa cirewa, a tsayar mata da ruwa kamar mako 2. Wadda aka cika wa ruwa da taki takan yi girma, amma ba ta jure ajiya.

Tambaya ta uku: ƙwari

Akwai wata tsutsar tumatir da ake kira Tuta. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Ta shiga ƙasar Sifen a 2006. An gan ta a Nijar a 2013. A 2016 ta cinye gonakin tumatir a jihohin Kano da Kaduna, har tumatir ya gagari talaka. Tana shiga cikin ganye ta yi hanya, ta huda ƴaƴa su ruɓe.

Ka ga amfanin haɗuwa ke nan. In ƙwaro ya ɓulla a ƙauye ɗaya, gara na kusa su ji da wuri. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Don haka kada a kawo kaya masu kyau kaɗai. A ware tabarma guda ta kayan da suka lalace: ganyen da tsutsa ta ci, saiwa mai ƙulli, albasar da ta ruɓe. A kira malamin gona ya duba, ya yi bayani a gaban kowa. Ba abin kunya ba ne. Wataƙila wannan tabarma ta fi sauran koyarwa.

Game da maganin feshi, a yi hattara. Kada ka sayi wanda ba shi da takarda a jiki. Kowane magani na ƙwarai an rubuta kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a ɗebi amfani. Wanda ya fesa yau ya kai kasuwa gobe, ya sayar wa mutane da cuta, ƴaƴansa ma ita za su ci. Kada a zuba ruwan sha ko mai a cikin kwalbar magani. Akwai kuma dabarar gida: a daka ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da maraice. Yana rage ƙwari da yawa, ba ya kuma cin kuɗi.

Tambaya ta huɗu: kasuwa

Nan ne mai garka ya fi kuka. Kowa ya shuka lokaci ɗaya, kowa ya ɗiba lokaci ɗaya. Kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Tumatir ba ya jira. Mai saye ya san haka, sai ya taya yadda ya ga dama.

Matameye tana kusa da iyaka. Hanya ta bi ta Ɗan Barto ta shiga ƙasar Daura. Wannan alheri ne, amma iyaka ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe ta daga 1984 zuwa 1986. Ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka kuma rufewa, sai a Maris 2024 aka buɗe. Ga kuma Naira, yau ta hau, gobe ta sauka. Wanda ya dogara da kasuwa ɗaya, ranar da ta rufe ya shiga uku.

Mafita guda 3 ce. Ta farko, rarraba shuka. Kada ka dasa duka rana ɗaya. Dasa kashi ɗaya yau, wani bayan mako 2 ko 3. Ta biyu, shuka abu iri-iri, har da masu jira a ƙasa kamar rogo. Ta uku, sarrafawa da ajiya. Tumatir a yanka a shanya ya zama kauɗa. Kuɓewa a busar. Ganyen albasa a yi gabu. Zogale a shanya a inuwa, don rana tana rage masa amfani. Albasa a ajiye ta a rumfa mai shan iska, ba a ƙasa ba, ana dubawa ana cire ruɓaɓɓu. Bayan ƴan watanni kuɗinta yakan tashi.

Mu yi lissafi

Ga misali na koyo. Ba farashin kasuwar yau ba ne. Ka tuna jaka 1 ita ce dala 200.

A ce mutum biyu sun noma tumatir. Kowannensu ya kashe kuɗi kamar haka:

Iri: jaka 3
Taki: jaka 10
Man inji: jaka 15
Magani: jaka 4
Kai kaya kasuwa: jaka 3
Jimla: jaka 35

Na farko ya dasa duka lokaci ɗaya. Tumatir ɗinsa manya, gwanin kyau. Ya sami kwando 20. Amma ya faɗa lokacin cikar kasuwa, ya sayar da kowane kwando jaka 2. Ya karɓi jaka 40. A cire 35, saura jaka 5.

Na biyu ya raba dashensa biyu. Kwando 16 kawai ya samu. Ya sayar da 8 na farko a jaka 2, ya karɓi jaka 16. Sauran 8 sun nuna bayan kaya sun yi ƙaranci, ya sayar a jaka 5, ya karɓi jaka 40. Jimla jaka 56. A cire 35, saura jaka 21.

To, wa ya fi? A wurin nuni wataƙila na farko ne zai karɓi kyauta. A gida kuwa na biyu ne zai saya wa yara takalma. Saboda haka kada girman kaya ya ruɗe ka.

Ka lura kuma, ba mu sa ladan guminsu a lissafi ba. Ba mu kuma sa abin da aka ci a gida ba. Kai in za ka yi naka, ka sa. Kwanon tumatir da ya shiga miya, kuɗi ne da ba a fitar ba.

Kai ba ya riƙe duk wannan. Nemi ɗan littafi na garka. Shafi ɗaya ka rubuta ranar shuka da sunan iri. Shafi ɗaya abin da ka kashe. Shafi ɗaya abin da ka sayar. In shekara ta kewayo, littafin zai gaya maka gaskiya, ko da ba ta yi maka daɗi ba.

Yadda za ku shirya naku nuni

Ba sai kun jira wani ya zo da mota daga birni ba. Ƙungiyar manoma ko ta mata tana iya shiryawa. Ga matakai:

1. Ku sanar da mai gari, ku nemi izninsa da goyon bayansa. Ku gayyaci malamin gona tun da wuri.

2. Ku zaɓi lokaci. Janairu ko Fabrairu ya fi, don garka ta nuna, aikin hatsi kuma ya ƙare. Ku sanar da jama'a tun kafin a yayyafa iri, kowa ya shirya.

3. Ku zaɓi wuri mai inuwa, kamar filin lakkwal ko gindin manyan itatuwa. Rana tana kashe salati cikin ɗan lokaci. Ku tanadi tabarmi da ruwan sha da sikeli.

4. Ku raba kaya kashi-kashi: kayan ganye, kayan miya, masu saiwa, rake, ƴaƴan itace, da iri. Ba a gwada kabewa da albasa.

5. Ku ba mata nasu kashi cikakke. Kauɗa, gabu, busasshiyar kuɓewa, garin zogale, daddawa, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, duk aikin noma ne da ya ƙarasa a hannun mata. Su ne ke ciyar da gida in garka ta bushe.

6. Ku zaɓi alƙalai 3 ko 5, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. A sa dattijon manomi, a sa mace mai girki ko mai sayar da kayan miya, a sa malamin gona. Alƙali ba ya shiga gasa.

7. A sa lamba a kan kowane kaya maimakon suna. Magatakarda kaɗai ya san mai lamba. Ta haka ba wanda zai ce an yi son kai.

8. A faɗi ƙa'ida tun farko. Ana duba lafiyar kaya, da tsabta, da daidaito, da ɗanɗano, da jure ajiya. Albasa 10 masu kai ɗaya sun fi ƙatuwa guda da ƙanana 9.

9. Kyauta ta zama kayan aiki: butar ban ruwa, fartanya, manjagara, igiya ko iri. Kuɗi yakan ƙare a ranar, kayan aiki kuwa su kai baɗi.

10. Duk wanda ya ci kyauta, sai ya tashi ya gaya wa jama'a yadda ya yi. Wannan shi ne sharaɗi mafi girma. In ba a yi shi ba, an yi biki ne kawai.

Abin da ke ɓata nuni

Abu 3 ke ɓata shi. Na farko, ha'inci. Wani ya sayo kaya a kasuwa ya ce nasa ne. Maganinsa, a sa mutum biyu su zagaya garake kafin ranar. Na biyu, rowar sani. Wani in an tambaye shi sai ya ce: «Ai sa'a ce kawai.» Yana tsoron kada a kamo shi. Ya manta in ƙauye ya yi suna da kaya masu kyau, motoci har gida za su zo saye, shi ma ya samu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku, fushi. Wanda bai ci ba ya ce ba ya ƙara zuwa. A'a, ɗan'uwa. Kyauta ta mutum ɗaya ce, amma sani na duk wanda ya tambaya ne. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da za ka koma gida da shi

In taro ya watse, an naɗe tabarmi, duba hannunka. Ya kamata ka koma da abu 3: ɗan ƙullin iri mai kyau da ka san sunansa, dabara guda da za ka gwada, da kuskure guda da ka ƙudura ba za ka maimaita ba.

Sabuwar dabara kuma kada ka zuba ta a garka duka. Gwada ta a fangali ɗaya, ka bar sauran yadda ka saba. In lokacin ɗiba ya yi, ka auna wannan, ka auna wancan. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Baɗi, in Allah ya kai mu, kai ma kana da abin faɗi a gaban jama'a.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa wa garakenmu albarka.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin nuni da kasuwa?
2. Wa ake kira Sarkin Noma a da, kuma me yake yi kafin a ba shi sunan?
3. Me ya faru a 1984 da ya sa noman rani ya yaɗu?
4. In ka ga F1 a jikin gwangwanin iri, me yake nufi?
5. Don me ba a maimaita tumatir da tattasai a wuri ɗaya?
6. A misalin lissafi, jaka nawa na biyu ya fi na farko riba?
7. Rubuta abubuwa 5 da ake nomawa a garakenku, da watan da ake shuka kowanne.
8. Ku tattauna a aji: in za a yi nuni a garinku, wane wata ya fi, kuma su wa za ku zaɓa alƙalai?